Ranar da Na Roƙi Bazabarme Gafara

Ni Bagobiri ne, daga wani ƙauye a yammacin Maraɗi. Wanda ya dubi fuskata ba ya bukatar tambaya, wanzami ya riga ya ba shi amsa. Na zo Yamai ina saurayi, da riga ɗaya da ilimin lekol, wato boko, na aji biyu, don mushe, malaminmu, ya gaji da ni tun kafin in gaji da shi. Na yi karen mota, na yi wankin mota, daga baya na samu permi, wato lasin tuƙi, na shiga tuƙin taksi, a cikinsa kuma na tsufa. Bayan tuƙi, abin da na iya a duniya shi ne tsokana, ita kam ba wanda ya koya mini.

Wandona ne ya yage a mazauni ranar da na fara shiga shagon wani tela a unguwar Kalley, bayan babbar kasuwa. Na same shi zaune a bayan keken ɗinki, siriri, da allura a baki. Ya ɗago ya dubi tsagar kumatuna, ya daɗe yana duba, sannan ya zare allurar ya ce da karkatacciyar Hausar nan ta Zabarmawa:

"Wandon zan ɗinke, ko fuskar?"

Na ce, "Fara da wandon, bawana. Fuskar ta fi ƙarfin mai cin ganye."

Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Tsakaninmu zagi halal ne, fushi ne haram. Ka ɗauke masa hula, ka cinye masa abinci, ka kira shi bawa a gaban surukansa, ba shi da ikon ɓata rai. In ya ɓata, shi za a yi wa dariya, tsofaffi ma sukan ce mai fushi da abokin wasa ba ya gamawa lafiya. Ranar ya ba ni zanen wata mata na ɗaura, na tsaya a lungun shago kamar amarya har ya gama ɗinkin, yana ta kiran maƙwabta su zo su ga Bagobiriyar da ya saya.

Tun daga nan ban taɓa yi masa sallama irin ta mutane ba. Bayan azahar nakan tsayar da taksi a ƙofar shagon in leƙa in ce, "Ina bawan nan, bai mutu ba?" Shi kuma ba tare da ya ɗaga ƙafa daga keke ba sai ya ce, "Ga ubangidanka nan. Cire takalmi, kai da kaji suka yi tono a fuskarka." Sai a ɗora shayi. Haka muka yi aure, muka haifi ƴaƴa, muka aurar da su, gashinmu ya yi fari, ba ranar da ɗayanmu ya ce wa ɗaya sannu.

Abin dariyar shi ne, duk Kalley babu mai kunya kamarsa. Ni kaɗai yake da baki a kaina. Mace ta kawo ɗinki, idonsa na ƙasa har ta fita, amma daga yadda ta ajiye atamfa a kan tebur ya san ko da daɗin rai ta baro gida. Ba ya cin abinci a titi. Ƴarsa ta fari kuwa, tun da aka haife ta ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba, sai dai ya ce "yarinyar nan", har ta girma ta yi karatu ta samu aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau.

Lokacin da uwar ƴaƴana ta rasu na shiga ɗaki na ƙi ci. Mutane suna zuwa suna cewa sai haƙuri, ni kuma ina jin kalmar kamar ana zuba ruwa a kan dutse. Shi ya zo jana'iza, ya zauna makoki, bai ce mini komai ba. Sai da aka watse, gida ya yi shiru, sannan ya zo da kwanon dambu da kopto, zogalen nan da suke kwaɗawa da ƙuli. Ya zauna a bakin ƙofata yana ci yana tanɗar baki.

Ya ce, "Baiwar Allah ta huta. Kullum ta farka wannan fuskar ce a gabanta. Ai ta yi ƙoƙari."

Na zage shi, na zagi ganyensa, na fizge kwanon na cinye ina hawaye. Da ya faɗi maganar nan da wuri da na fasa masa kai, da ya jinkirta kuma da na riga na bushe. Ya san ranar da ta dace kamar yadda ya san awon wuyan riga. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da ake magana a kai.

Abin ya fara ne da wata hajiya, matar wani ɗan kasuwa mutumin Tawa, wadda ta daɗe tana kawo masa ɗinki. Ina zaune ina hura wutar shayi ta shigo da shadda, za a yi mata kayan biki. Mutumin da ba ya ɗaga ido ya dubi mace, sai ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa ya ce:

"Wannan ba ta isarki. Kin zama dorina. Je ki ƙaro."

Tsakaninsa da mutanen Adar, ƙasar su Tawa, babu wasa ko kaɗan. Hajiya ta naɗe shaddarta ta fita, ba ta sake dawowa ba. Ni kuwa na yi dariya har na kusa faɗawa cikin garwashi. Na ce masa yau ka zama mutum, zama da Bagobiri ya yi rana. Na ɗauki labarin na kai tashar taksi ina bayarwa, kullum ina ƙara masa gishiri. Sai daga baya na tuna cewa shi bai yi dariya ba. Bai ma dube ni ba don ya ga ko abin ya yi mini daɗi, ɗinkinsa kawai ya ci gaba da yi.

Bayan wasu watanni ƴar tasa ta haihu, aka yi suna a gidansa na Yantala. Ana zaune a kan tabarmi, ga surukai, ga liman, sai ya ɗaga murya ya ƙwala mata kira ta bayan katanga da sunanta na yanka, wai ta kawo masa sukari. Surukai suka dubi juna. Da aka kawo abinci ya miƙa hannu cikin kwanon liman ya ɗauke tsokar da ke sama. Mutane suka juyo suna kallona, ni, kamar ni na miƙa hannun. Na ce, "Ku yi masa haƙuri, Bazabarme bai saba ganin nama ba." Aka yi dariya, aka wuce wurin. Ni a raina na taimake shi.

Da zan tafi matarsa ta tare ni a zaure. Ita ma Bazabarma ce, ita ma ba ta taɓa raga mini ba, amma ranar fuskarta ba wasa.

Ta ce, "Kai ne. Ka zauna da shi har ka shafa masa rashin kunya."

Na ce, "To ai gara, ko ba komai ya samu gadon ubangidansa."

Ta ja mayafi ta koma ciki.

Dariyata ta ƙare ne ranar da ƙanensa ya rasu, wanda shi ya raine shi, shi ya yi masa aure. Ina shagon aka kira shi a waya aka faɗa masa. Ya ce "to", ya ajiye wayar, ya ci gaba da taka keke. Na ɗauka dauriya ce, na ce tashi in kai ka. Ya ce bai gama hannun riga ba. A wurin gaisuwa, ga matar mamaci tana kuka a ciki, ya tambayi mutane ko an dafa shinkafa. Na dubi fuskarsa na rasa abin da na sani a cikinta. Ba baƙin ciki, ba ƙeta, ba komai, kamar shagon da aka kwashe kaya aka bar ƙofa a buɗe.

Aka ce sammu ne, aka ce iska ce ta bakin kogi. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ni ma da kaina na kai shi wurin wani malami a bayan gari. Yana sha, yana wanka, yana dawowa yana cika aljihu da sukari. A shago sai ya kama ƙyalle ɗaya ya yi ta bi da keke, ya kai ƙarshe ya juyo, har zare ya yi tudu. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka rufe shagon. A ƙarshe ƴar ta ce asibiti za a je, ni na ɗauke su a taksina.

Aka saka shi cikin wata na'ura mai kama da tanderu, skaner suke ce mata. Likitan ya yi wa ƴar bayani da Faransanci, da ya ga na buɗe baki ina kallonsa kamar akuya a gaban talabijin sai ya juya Hausa. Ya ɗaga hoton ya nuna mini da alƙalami. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma mantuwar tsufa ba ce irin wadda aka saba gani. Gaban ƙwaƙwalwa ne, nan bayan goshi, da gefe-gefenta, suke ƙanƙancewa a hankali. Ya ce a nan kunya take, a nan tausayi yake, da nan mutum ke karanta fuskar ɗan'uwansa ya gane abin da ake nufi da magana ba abin da aka furta kaɗai ba. Zai daɗe yana tuna hanya da sunayen mutane, amma zai riƙa yin abin da ba halinsa ba, kuma ba da gangan ba. Ya ce akwai abin da zai rage masa tashin hankali, amma babu wanda zai mayar da shi yadda yake.

Ɗakin ya yi nauyi. Ni kuma ban iya zama cikin nauyi ba, ba a halicce ni da wannan ba. Na ce:

"Likita, duba da kyau. Bazabarme yaushe ya samu ƙwaƙwalwar da har za ta ƙanƙance?"

Likitan ya murmusa. Ƴar ta sunkuyar da kai. Ina jiran amsar da za ta fito daga bakin abokina, don irin wannan ba ya barinta ta faɗi ƙasa. Sai ya dube ni, ya dubi hoton, ya nuna da yatsa ya ce:

"Ina da ita. Ga ta nan."

Na ji bayanin likita da kunnuwana, amma kan Bagobiri ba a shigarsa da sauri. Na ce a raina, ni na san maganin mutumin nan. Wanda ya tashe ni daga ɗaki da zagi, da zagi zan tashe shi. Kullum bayan la'asar sai in tafi Yantala in same shi zaune gindin dogon yaro a tsakar gida, in zazzage masa duk abin da na tara. Na zagi dambu, na zagi Hausarsa, na tono tsofaffin da muka yi dariyarsu tun muna da haƙora. Wani lokaci ya yi shiru. Wani lokaci ya gyara mini magana. In na ce kakansa a kasuwa kakana ya saye shi da ƙwaryar gero, sai ya ce a'a, kakansa manomi ne, a garinsu ya mutu. Sai in ƙara wuta, ina cewa gobe zai rama.

Wata rana na shiga na ce, "Bawana, tashi ka gaida ubangidanka."

Ya kira ni da sunana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Ni ba bawanka ba ne. Ubana ɗa ne."

"To wa ya ƴanta shi ban sani ba?"

"Kullum kana zagina. Ka ce ni bawa ne. Ka ce ba ni da ƙwaƙwalwa. Ranar auren yarinyar nan ka ɗauke mini hula a gaban mutane. Ka cinye mini dambu bayan makokin matarka."

Yana lissafowa, ba ya kuskure ko ɗaya. Duk abin da na taɓa faɗa masa yana nan a kansa, wuri da lokaci, dariyar ce kaɗai aka zare daga ciki. Nasa zagin da ya yi mini kuwa ko ɗaya bai ambata ba. Ya ce, "Me na yi maka?" Na buɗe baki, Allah ya sani wata tsokanar ce ta zo, don ita kaɗai ce hanyar da bakina ya sani. Kafin ta fito ya ɗauki butar da ke gefensa ya jefe ni a ƙirji. Ya tashi ya shiga ɗaki ya saka sakata.

Washegari ƴar ta same ni a tashar taksi. Yarinyar da tun tana rarrafe nake ce mata ƴar bawana, ita kuma take ce mini mai zanen kaza. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida surukai.

Ta ce, "Baba, jiya bai ci abinci ba. Yana ta kai da kawowa yana cewa za ka zo ka tafi da shi. Duk ranar da ka je haka muke fama. Na san ba ka nufin komai. Amma ko dai ka daina, ko ka daina zuwa."

Na ce, "In daina me? Ai in na daina ba abin da ya rage."

Ta ce, "Shi ya rage, Baba."

Na yi fushi. Ni da nake gaya wa yara cewa mai fushi da abokin wasa ba ya gamawa lafiya, na yi fushi da marar lafiya, na ɗauke ƙafa. Damina ta shiga ta fita ban taka Yantala ba. In fasinja ya ce can za shi, sai in ce ba hanyata ba ce. Bayan azahar sai in ga motar ta kai ni Kalley da kanta, in tsaya gaban shagon, wanda yanzu wani mai sayar da wayoyi ya kama, in yi kamar taya nake dubawa.

Matarsa ce ta aiko a kira ni. Na same ta a zaure ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce abokansa duk sun gudu, don wanda ya zo gaishe shi sai ya faɗa masa abin da ba ya son ji, wannan bakinsa na wari, wancan ɗansa ɓarawo ne. An hana shi zuwa masallaci tun da ya fara magana ana cikin salla. Ba ya yarda wanzami ya taɓa shi. In bai fita ya yi tafiya da yamma ba gidan ba ya zaunuwa, ita kuma ƙafafunta sun gaza, ya fi ƙarfinta.

Ta ce, "Na ce kai ka ɓata shi. Ba kai ba ne. Yanzu duk garin nan ba wanda ya saba jin baƙar magana daga bakinsa bai ji zafi ba sai kai."

Na shiga. Yana gindin bishiyar, ya yi ƙiba saboda zaƙi, gemu ya cika masa fuska. Na tsaya na rasa yadda ake farawa. Mutumin da na fi sani a duniya, ban san yadda ake gaishe shi ba. Na cire takalmi, na yi sallama, na durƙusa a gefen tabarma. Na gaishe shi da Zabarmanci, yaren da na iya tun tuni amma ban taɓa yi a gabansa ba sai don in kwaikwaye shi. Na tambayi lafiyarsa, na tambayi gida, na tambayi gajiya. Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, lafiya lau, yana kallon hannuwana.

Sannan ya ce, "Kai ne mai zagina."

Na so in ce masa ba zagi ba ne. Na so in ce kai ka fara, kai ka tambaye ni wando ko fuska. Amma na riga na gane cewa wurin da wannan bayani zai sauka babu shi. In na ce wasa ne, zai ji na ƙaryata shi, gobe kuma a rufe mini ƙofa. Tsakanin abokan wasa ba a neman gafara, don neman gafara yana nufin an yi laifi, yana nufin duk shekarun nan cin mutunci ne aka yi. Matarsa na tsaye a ƙofar ɗakin girki tana jira.

Na ce, "Ni ne. Na zage ka da yawa. Ka yafe mini don Allah."

Ya ce, "Ba za ka ƙara ba?"

"Ba zan ƙara ba."

"Na yafe." Ya faɗe ta kamar mai cewa an kira salla. Ya juya wajen matarsa ya ce a kawo sukari.

Ranar ya bari na rage masa gemu da almakashinsa na ɗinki. Tun daga nan kullum da yamma nakan je, in yi sallama, in riƙe hannunsa mu gangara wajen garake na bakin kogi, inda ake noman salati da kabeji. Hanya ɗaya yake bi, in an canza sai rigima. Maganarsa tana raguwa. Ni ma tawa ta ragu, don in aka cire tsokana daga bakina abin da ya saura bai cika cokali ba. Nakan ce masa ga ruwa ya ƙaru, ya ce ya ƙaru. Nakan ce ga jirgin masunta, ya ce ga shi.

Kwanan baya muna wucewa wani tsohon mai garka, Bazabarme, ya ɗago daga ban ruwa ya ga fuskata. Ya ajiye bokiti, murna ta kama shi, ya samu nama har gida.

Ya ce, "Kai Bagobiri, ina za ka da ubangidanka? Riƙe shi da kyau, in ya faɗi sai mun sayar da kai."

Amsa ta zo mini har uku a lokaci ɗaya, kowace ta fi ƴar'uwarta daɗi. Na ji hannun abokina ya ƙara matse nawa. Na haɗiye su duka, na ce wa mai garka sannu da aiki. Ya tsaya baki buɗe, bai taɓa ganin Bagobirin da aka taɓa ya yi shiru ba.

Abokina ya dube shi ya ce, "Kada ka zage shi. Ya daina."

Mai garka ya dube ni, ya dube shi, ya sunkuya ya ɗauki bokitinsa a hankali. Muka ci gaba da tafiya har inda hanyar ta ƙare a bakin ruwa, muka juyo.